Koci ya tafi ana shirin wasan kofi: shi muke bi ko makaranta?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Wlh yau kwana goma kenan abin nan yana cina a rai, na ce bari dai in kawo shi zauren nan ko na samu sauƙi. Waɗanda suka sanni sun san tun ina karatu a Oxford ta jihar Misisipi nake bin Ole Miss, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar garin, to bana, 2025, yaran nan sun yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin makarantar, wasa 12 suka ci 11, Georgia kaɗai ta doke mu, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba muka je har Starkville muka ci Mississippi State 38 da 19, kowa ya san mun samu gurbi cikin ƙungiyoyi 12 da za su nemi kofin ƙasa. Ranar Lahadi 30 ga wata sai ga sanarwa wai kocinmu Lane Kiffin ya koma LSU, jami'ar jihar Luwiziyana. LSU fa, waɗanda duk shekara sai mun kara da su, waɗanda muka ci a watan Satumba. Shekara 6 mutumin nan yana tare da mu, har karensa Juice yaran garin sun sani, ƴata Hanifa da ba ta san dokar wasan ba ma ta san karen. Ranar Litinin da safe ina kai ta makaranta take tambaya ta wai Abba shi ma Juice ɗin ya tafi? Na rasa me zan ce mata. Tambaya ta ita ce, ni da na shekara 6 ina kare mutumin nan duk inda aka zage shi, dama shi nake bi ko makarantar? Don wlh yadda zuciyata ta yi sanyi har na fara shakkar kaina.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumussalam Yaya. Ku yi haƙuri mu na gida ku ɗan yi mana bayani, wannan ƙwallon masu hular kwano ce mai kama da zari-ruga ko? Kuma na ji kana cewa makaranta, wai duk wannan tashin hankalin a kan wasan ɗalibai ne?

Abban Hanifa:
Ita ce ƙanina. Amma kar ka ɗauka irin gasar makarantu da ka sani ce. Filin LSU yana cin mutum sama da dubu 100, na Tennessee ma haka, namu da ake wa kallon ƙarami yana cin kusan dubu 64, alhali mutanen garin Oxford kaf ɗinsu ba su kai rabin haka ba. Misisipi da Alabama ba su da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta NFL, saboda haka jami'a ita ce komai nasu. Kwantiragin da LSU ta ba Kiffin na shekara 7 ne, kusan dala miliyan 91.

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Miliyan 91 na dala? Yaya ai ni a nan na gama fahimta, wa za a miƙa wa wannan ya ce a'a

Injiniya Kabiru:
Yawwa Ɗan Fagge ka taɓo wajen. Abban Hanifa ka san ina ganin girmanka, kuma ba don ni ɗan LSU ba ne zan faɗi wannan, amma gsky ku kuka ɗora wa mutumin nan abin da bai taɓa cewa zai iya ɗauka ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Lokacin da kuka ɗauko shi a Disambar 2019 daga Florida Atlantic ba ku san tarihinsa ba ne? Kun sani sarai, kun ɗauka ne don ya iya aiki, kuma ya yi muku aikin, ya ci muku wasa 55. Sannan ku dubi ɗaya ɓangaren mana, ita makaranta amana take riƙewa? Mu nan Ed Orgeron ya ci mana kofin ƙasa a kakar 2019, wasa 15 ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ɗan jihar ne haifaffen Luwiziyana, kafin shekara biyu ta cika an sallame shi. Auburn ta kori Gene Chizik a 2012 bayan ya ci mata kofi a kakar 2010. Penn State ta kori James Franklin a Oktoban nan da ya wuce, mutumin da a watan Janairu ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. Shi kansa Kiffin a 2013 jami'ar USC ta Kalifoniya a filin jirgin sama ta kore shi cikin dare, sun dawo daga wasan da Arizona State ta ci su 62 da 41, aka sauko da shi daga motar ƴan wasa aka ce aiki ya ƙare. Mutumin da aka yi wa haka kana so ya yarda akwai wata amana a sana'ar nan? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai shafa wa naka ruwa za ka yi.

Abban Hanifa:
Injiniya ban ce kar ya tafi ba fa. Ka sake karanta abin da na rubuta. Ya tafi a watan Janairu mana bayan an gama, wlh da ni da kaina zan yi masa addu'a. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Yaran nan da ya bi gida-gida ya zauna da iyayensu ya ce ku ba ni amanarsu, yaro irin Trinidad Chambliss da ya taso daga ƙaramar makaranta Ferris State babu wanda ya san shi ya zo ya riƙe mana ƙungiya, sun kai bakin abin da suke mafarki tun suna yara sai ka hau jirgi?

Injiniya Kabiru:
To ai ya nemi a bar shi ya ƙarasa da su, daraktan wasanninku Keith Carter ne ya ce a'a. Wannan kuma ba ɓoyayyen abu ba ne.

Abban Hanifa:
Kuma daidai ya yi. Ta yaya za ka bar mutumin da ya riga ya sa hannu da abokan gabarka ya ci gaba da zama da ƴan wasanka har wata guda, yana ganinsu safe da yamma, alhali ranar 2 ga Janairu za a buɗe kasuwar sauya sheƙa, lokacin da ƴan wasa ke iya komawa wata makaranta? Ai kamar ka ba kura ajiyar nama ne.

Maman Iman:
Sannunku da muhawara. Abban Hanifa Allah ya ba ku haƙuri, mu nan Knoxville, garin jami'ar Tennessee, mun riga ku shan wannan ruwan, shekara 15 kenan har yanzu ba a manta ba. Ni lokacin ban zo ba, amma akwai wata abokiyar aikina a asibiti, farar mata ce dattijuwa, duk ranar Juma'a da riga ruwan lemo take zuwa aiki in ana kakar wasa, ita ta ba ni labari muna aikin dare. Kaka ɗaya tak Kiffin ya yi musu, 2009, ya ci 7 aka ci shi 6, amma ya cika su da zance har suka yarda zamanin cin kofi ya dawo, kuma ɗansa da aka haifa a lokacin Knox ake kiransa, ta ce wannan sunan shi ya fi komai sa su sakin jiki. A watan Janairun 2010 da daddare ya kira ƴan jarida ya yi magana ta ɗan lokaci ya ce ya koma USC, ɗalibai suka fito suka taru a gaban ginin wasanni har da ƙona katifa. Tana ba ni labarin nan idonta ya kawo ruwa wlh, ta ce mahaifinta tun tana ƙarama yake kai ta filin nan, kujerunsu guda biyu har yau suna hannun danginsu duk shekara suna sabuntawa. Na ce to bayan ya tafi kin daina zuwa? Ta kalle ni kamar na yi saɓo, ta ce ina za ta je, nan ne gida. Shi ne nake ganin amsar tambayarka kenan Abban Hanifa, zafin da kake ji ba shi ke nuna koci kake bi ba, da shi kake bi ai da yanzu ka sayi rigar LSU kana murna.

Amma kuma abin da ya faru a Oktoban 2021 ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, wannan kam a talabijin na gani da idona, da ya dawo filin namu da Ole Miss aka riƙa jifa da robobin ruwa, har da robar mustad da ƙwallon golf da ta same shi, aka tsayar da wasa kusan minti 20, hukumar SEC, gasar da mu da Ole Miss muke ciki, ta ci makarantar tarar dala dubu 250. Akwai yara ƙanana a wajen, akwai masu busa da kaɗe-kaɗe na makaranta da sai da aka fitar da su. Ƙauna ce ta koma haka, kuma ni ina tsoron kar ku ma ku kai nan, don na ga bidiyon yadda aka raka shi filin jirgi da zagi.

Abban Hanifa:
Na gode Maman Iman. Wlh ranar nan ta 2021 ni ina cikin masu cewa mutanen Tennessee ba su da haƙuri, shekara 11 ba za su yafe ba. Yau na gane abin da ke cinsu. Amma jifa da zagi kam ba na goyon baya, ko a kan waye.

Sadiq Denver:
Ni dai ku yi min afuwa manya, zan faɗi nawa ko da ba zai yi daɗi ba. Ni koci nake bi kuma ban ga laifin hakan ba. Na zo ƙasar nan 2021, ban yi karatu a kowace jami'a a nan ba, babana bai kai ni wani fili ba, ba ni da kujerar gado. Shekara biyu ina Kolorado ban taɓa sanin suna da ƙungiya ba don a 2022 wasa ɗaya suka ci cikin 12. Deion Sanders na zuwa a matsayin kocin jami'ar gari ya ɗauka, tikitin kaka ya ƙare kaf, wajen aikinmu kowa maganar kenan, na fara kallo saboda shi, yadda yake magana da yaran nan kamar uba, yadda baya jin kunyar ambaton Allah, a nan na koyi dokokin wasan, na ga Travis Hunter yana buga gaba yana buga baya har ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2024. Bana abin bai yi kyau ba, 3 kawai muka ci, ina nan ban gudu ba. Amma in gobe ya koma wata makaranta wlh can zan koma, kuma ba na jin na ci amanar kowa. Su ma yaran ai haka suke yi yanzu, Caleb Williams ya bi Lincoln Riley daga Oklahoma zuwa USC ya ci Heisman a can.

Yaya Zainab Atlanta:
Sadiq ƙanina na ji ka, kuma gaskiyarka ka faɗa, amma ka san daga ina aka ɗauko muku wannan farin cikin? Daga Jackson State. Mijina can ya yi digirinsa na biyu, muna zuwa bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, saboda haka wannan maganar a cikin gidana aka yi ta. Jackson State tana cikin jami'o'in da aka kafa wa baƙar fata tun zamanin da ba a barinsu shiga na farare, kuɗinsu kaɗan ne, kayan aikinsu kaɗan ne. Da Deion ya zo a 2020 ba ƙwallo kawai ya yi wa mutane alkawari ba, magana ya riƙa yi a kan ɗaga martabar makarantun baƙar fata gaba ɗaya, ya ce kira ne daga Allah, kuma mutane suka yarda. Ya yi aiki kam ba zan ci haƙƙinsa ba, ya ci 27 aka ci shi 6, kofin SWAC, gasar da makarantar ke ciki, sau biyu, ya janyo Travis Hunter wanda shi ne na ɗaya a ƙasar cikin yaran sakandare ya fasa zuwa Florida State ya zo Jackson, abin da ba wanda ya taɓa tsammani. A 2022 garin yana fama da matsalar ruwan famfo, mutane na layin karɓar ruwan roba, ƙungiyar nan ce abin da suke ɗaga kai da shi. Disamba na yi ya tafi, ya tafi da ɗansa Shedeur, ya tafi da Hunter, da wasu da dama. Su tsofaffin da muke zama da su ba kuɗin suka yi wa ƙorafi ba, kowa ya san abin da Jackson ke biyansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Kolorado ta ba shi ba. Abin da suka riƙa ambata shi ne Eddie Robinson, wanda ya riƙe Grambling daga 1941 har 1997 ya ci wasa 408, suka ce wannan shi ne mai kira, kai kuwa in aiki ka zo yi ka ce aiki ne, kar ka kira shi da sunan da ya fi haka. Ni a nan nake ganin matsalar take. Su kociyoyin nan su ne ke fara kawo maganar dangi da gida da amana, don da ita ake sayar da tikiti, da ita attajiran tsofaffin ɗalibai ke zuba kuɗi, da ita uwa ke yarda ta saki ɗanta, ranar tafiya kuma sai a ce maka ai kasuwanci ne me ya sa kake kuka.

Abu ɗaya da zan yaba masa, ya tsaya ya ja ragamar wasansu na ƙarshe a nan Atlanta, Celebration Bowl, wasan kofin jami'o'in baƙar fata, duk da an ci su.

Sadiq Denver:
Gsky Yaya ban san wannan ɓangaren sosai ba. Amma dai har yanzu Jackson State ta fi yadda ya same ta suna ko ba haka ba?

Yaya Zainab Atlanta:
Ta fi, kuma wanda ya gaje shi T.C. Taylor ɗan makarantar ne, ya ci Celebration Bowl ɗin a 2024, abin da Deion ya je sau biyu bai samu ba. Masu zuwa don kyamara sun watse, masu zuwa tun da suna nan.

Injiniya Kabiru:
Hajiya Zainab maganarki ta shige ni, ban da ja a kan cewa suna sayar da kalmar amana. Amma ina so jama'a su duba yadda aka tsara kalandar ma, don ko mutumin kirki ne tsarin zai tura shi ya yi abin da ba shi da kyan gani. Ranar da yaran sakandare ke sa hannu da makarantu ta faɗo 3 ga Disamba bana, kwana uku bayan sanarwar Kiffin. Kasuwar sauya sheƙa 2 ga Janairu. Wasan ƙarshe na kofi sai bayan tsakiyar Janairu. Makarantar da ta kori kocinta a Oktoba ba za ta iya jira har Janairu ba, in ta jira ta rasa yaran shekara guda cur. A NFL akwai doka a kan lokacin da za ka iya ɗaukar kocin da ƙungiyarsa ke cikin gasa, a nan babu mai hana ka. Shi ya sa abin yake ta maimaituwa, Brian Kelly ya bar Cincinnati a 2009 sun ci 12 ba a ci su ba, ya sake barin Notre Dame a 2021 sun ci 11 suna jiran ko za a saka su a gasar kofi ya zo mana nan. Kuma in wani babba ya motsa sai abin ya bi layi, da Nick Saban ya yi ritaya ranar 10 ga Janairun 2024, Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer daga Washington kwana huɗu bayan ya buga wasan ƙarshe na kofi, Washington ta ɗauke na Arizona, Arizona ta ɗauke na San Jose State, cikin mako guda magoya bayan makarantu huɗu sun kwana da baƙin ciki saboda dattijo ɗaya ya ce ya gaji.

Abban Hanifa:
To Injiniya tunda ka ambaci Brian Kelly, ya kuka ƙare da shi? Shekara 10 kuka ba shi dala miliyan 95, kun kore shi a Oktoba bayan Texas A&M ta ci ku a gida, ya bi ku bashin kuɗin sallama sama da miliyan 50, har gwamnan jiharku sai da ya fito ya yi magana, daraktan wasanninku ma ya tafi. Ba na faɗa don in ƙona maka rai, so nake ka gaya min tsakani da Allah, kai zuciyarka ta kwanta da Kiffin?

Injiniya Kabiru:
Tsakani da Allah ba ta kwanta ba. Ina murna don ya iya tsara hari kuma ya fi kowa iya zaɓo yara a kasuwar sauya sheƙa, amma ba zan sa shi a raina ba, na daina wannan tun kan Saban. Mutane sun manta Saban namu ne kafin ya zama na Alabama, shi ya ci mana kofi a 2003, ya tafi Miami Dolphins, a Disambar 2006 ya tsaya gaban ƴan jarida ya ce ba zai zama kocin Alabama ba, ba a yi sati biyu cikakku ba ya sauka a Tuscaloosa. Ya ci musu kofi 6. Ka je ka tambayi ɗan Alabama ko ya damu da waccan maganar, mutum-mutuminsa suka kafa a bakin fili. Mu ma magoya baya sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, cin amana muke kiransa in mu aka bari, in mu aka zo wa sai mu ce rabo ne. Ku kanku a 1998 Tommy Tuberville ya ce sai dai a fitar da shi daga Oxford a cikin akwatin gawa, ba a yi mako guda ba ya koma Auburn, daga baya ya zama sanata a Alabama, su suka zaɓe shi.

Ɗan Fagge:
Kai wannan ya tuna min da Van Persie wlh. 2012 ina gidan kallo a unguwarmu aka ce ya koma Man U, kyaftin ɗinmu na Arsenal guda, wasu abokaina biyu suka bi shi suka koma can har yau, ni na kasa. Amma mu ko koci ya tafi ba ya kwashe ƴan wasa haka siddan sai an biya kuɗi, naku ya fi ciwo gsky.

Injiniya Kabiru:
Da ma ba haka yake ba Ɗan Fagge. Kafin 2021 yaro in ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda baya buga wasa, koci kuwa yau ya tafi gobe ya fara aiki, kuma yaran ba a biyansu ko sisi bayan kuɗin makaranta. Wannan zalunci ne kuma gara da aka gyara. Daga Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, bana kuma makarantu sun fara biyansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekara. Illar dai ita ce yanzu in koci ya tashi rabin gida na iya tashi da shi, mai kallo kuma duk shekara sai ya sake haddace sunaye.

Baba Alhaji Garba:
Assalamu alaikum ƴaƴana. Jikata ce ta karanta min abin da kuke ta yi tun ɗazu, na ce ta rubuta min nawa. Ni Kansas State na yi karatu, a wani ƙaramin gari da ake kira Manhattan, ba ta New York ba. Makarantar tana da tsohuwar alaƙa da ABU Zariya ta fannin noma da likitancin dabbobi, ta wannan hanyar da yawanmu muka san ta. Lokacin da na je ƙungiyar nan ita ce abin tausayi a duk ƙasar, kaka biyu a jere 1987 da 1988 ba su ci wasa ko ɗaya ba. Ranar Asabar in ka shiga fili sai ka zaɓi inda kake so ka zauna, ka miƙe ƙafa a kan kujerar gabanka, iska mai sanyi tana kaɗa takardu a layukan da babu kowa. Amma akwai wasu manoma da nake gani kullum, da motocinsu na ɗaukar kaya da huluna ruwan makuba, wasu tafiyar awa uku suke yi, su zo a ci su su koma, sati mai zuwa su dawo. Sai aka kawo Bill Snyder. Shekararsa ta farko 1989 wasa ɗaya ya ci, da North Texas, a daƙiƙar ƙarshe, ina wajen, na ga dattawa suna kuka suna rungume juna kamar an ci kofin duniya. Mutumin nan ya zauna har 2005, ya huta, da abin ya lalace ya dawo 2009 ya sake yi har 2018, wasa 215 ya ci musu, filin ma sunansa da na iyalinsa aka sa masa. To abin da nake so in gaya wa Abban Hanifa, su manoman nan sun riga Snyder zuwa. Bai same su don ya iya ba, ya tarar da su ne. Na yarda irinsa sun yi ƙaranci, Kirk Ferentz na Iowa da yake nan tun 1999 ne kaɗai nake iya tunawa yanzu, kuma kuɗin da ake zubawa a yau ba zai bar a sake yin irinsu da yawa ba. Kai kuma Sadiq ban ga laifinka ba ɗana, kowa da ƙofar da ya shigo, wasu koci ne ya shigo da su daga baya suka zauna don wurin. Ka ba kanka shekara goma tukuna ka gani.

Sadiq Denver:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zan so in ga hakan, amma yanzu dai ban kai nan ba.

Abban Hanifa:
Amin. Baba Allah ya saka da alheri, wlh maganar manoman nan ta taɓa ni, don akwai irinsu a wajenmu, wata tsohuwa da ke kafa rumfarta a Grove duk ranar wasa, wannan filin bishiyoyi da ke tsakiyar makaranta inda ake taruwa kafin a shiga, tun ina ɗalibi take ajiye min kaza da ta san ba a haɗa da naman alade ba, ta ga kociyoyi sun fi bakwai sun zo sun wuce, rabon makarantar da kofin SEC tun 1963 kuma ba ta fasa shimfiɗa teburinta ba. Amma Injiniya har yanzu ban sauka daga kan maganata ba, kalanda ko ba kalanda ba mutum yana da zaɓi, Ole Miss ma ta yi masa tayin kuɗi mai tsoka, ba yunwa ce ta kore shi ba, gani ya yi can ya fi girma, kuma yana da damar ganin haka, ni ma ina da damar in ce bai kyauta wa yaran nan ba.

Injiniya Kabiru:
Wannan kam ban hana ka ba. Abin da zai ba ka mamaki ma, Tulane da za ku kara da su, kocinsu Jon Sumrall shi ma ya riga ya karɓi aikin Florida, amma su sun bar shi ya ƙarasa da su.

Abban Hanifa:
Na sani, amma Tulane ba ta gasa ɗaya da Florida, ba sa haɗuwa duk shekara, ba sa rububin yara ɗaya kamar mu da ku. Ko ma dai mene ne an ba Pete Golding riƙon ƙungiya dindindin, shi ke kula da tsaron baya tun 2023, yaran sun san shi, na ga bidiyon yadda suka yi ta ihu da aka sanar musu. Ranar Asabar 20 ga Disamba ne wasan, a gida, karo na farko da za a buga wasan neman kofin ƙasa a Oxford. Na samu tikiti uku da ƙyar, ni da Hanifa, saura ɗaya. Daga Memphis zan tashi da sassafe saboda cunkoso, in akwai na kusa da ke so ya yi min magana ta gefe kafin Alhamis.

Maman Iman:
A sa wa Hanifa rigar sanyi mai kauri dan Allah, kujerun ƙarfen nan suna ɗaukar sanyi a Disamba, ku tafi da bargo ma.